Tumfafiyar da na shuka wa Inna

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko ta daga ƙauye zuwa gidanmu na Nassarawa. Baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Gidan kuwa ba komai sai furannin Turawa da ciyawar da ake yi wa aski kamar kan ango. In muka tura kekenta baranda, haka za ta wuni tana kallon katanga. Abinci ma sai da lallashi.

Wata rana wani malam-buɗe-littafi ya ɓato hanya ya shigo, mai ruwan goro da ɗigon fari. Inna ta bi shi da ido har ya tsallake katanga, ta yi wani sauti da rabona da ji tun kafin ta kwanta. Ashe dariya ce! Ranar ta shanye kokonta tas.

Ni a ƙauye na tashi, na san inda suke taruwa, kan tumfafiya da tafasa a bayan gari. Na je wani kango wajen Kawaji na tsinko iri, na shuka a gindin katanga, daidai inda idonta ke sauka. Damina na zagayowa suka fara zuwa. Tsutsotsinsu suka yi wa ganye kaca-kaca, sannan suka naɗe kansu cikin 'yan ƙwanso kore shar, suna reto a ƙarƙashin reshe. Kullum Inna sai ta nuna mini su, muna jiran ranar da za su fashe.

Lokacin maigidana yana neman takara, kuma zamani ne da kowa ke tsoron a taɓa masa addini. Wani baƙonsa ɗan siyasa ya hango shukar, ya ce, "Alhaji, tumfafiya a cikin gida? Wane bokan ne ya ba ka wannan?" Shi ke nan fa, magana ta zaga gari, wai mun shuka itacen aljanu don cin zaɓe.

Maigidan nawa ya same ni a kicin ya ce, "Hajiya, yau za a sare abin nan."

"Haba Alhaji! Don surutun banza? Shi kaɗai fa ke sa Inna cin abinci."

"Na sani. To ya zan yi da bakin mutane?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na roƙi ya bari ko ƙwanson su fashe tukuna. Ina! Wallahi ban taɓa jin ba ni da ƙarfin komai irin na ranar ba. Maigadi ya zo da adda, Inna na zaune. Ba ta kalli maigadin ba, ba ta kalli Alhaji ba, ni ta zuba wa ido, ni kuwa na rasa inda zan sa nawa.

Washegari na zo fito da ita, sai ta sa hannunta mai lafiya ta riƙe ƙofar ɗaki gam. Na ce, "Inna, iska kawai za ki sha." Ba ta saki ba. Haka na mayar da ita ciki, kuma har Allah ya karɓi abinsa ba ta ƙara yarda an kai ta barandar nan ba.