A Kaina Hannun Ya Riga Ya Warke

Ina aji huɗu a wata sakandaren mishan da ke gindin dutsen Kagoro a shekarar da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira. Babana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, mamata tana sayar da citta, ni kuwa ban da tsawo babu abin da na fi kowa. Dogo ne ni, siriri, wando ba ya kai min idon sawu, har 'yan ajinmu suna cewa in an rasa gorar kaɗo mangwaro a kira ni. Tsawon nan ne ya sa malamin wasanninmu, wani saurayi da ya dawo daga karatu a Zariya da ƙwallon kwando a jakarsa, ya ja ni fili. Ban yi wata guda ba na kamu. Ranar da ya sanar da mu cewa a ƙarshen zango za mu kara da wata makaranta daga Kafanchan, kuma wasu mutane za su zo daga Kaduna su zaɓi 'yan wasan jiha, ko abincin rana ban iya ci ba don murna. Na riga na ga kaina a jirgin Kaduna, Baba yana nuna ni ga abokan aikinsa a tasha.

Sai hutun tsakiyar zango ya zo da nasa. Na ɗauko wa Mama buhun citta a keke, a kan gangara birki ya ƙi, na faɗi a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. Aka kai ni wurin wani tsoho Bafulatani mai ɗori a wata ruga. Ya ja hannun har na kira sunan Yesu da ƙarfi, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma. Sannan ya karya ƙafar kazar da muka zo da ita, ita ma ya ɗaure ta, kamar yadda ake yi. Ya ce mu riƙa lura da ita, in ta fara takawa alama ce ƙashina yana haɗuwa, amma shi da ya ɗaure shi ne zai kwance.

Na koma makaranta da hannu a rataye a wuya, in zauna a bakin fili ina kallon abokaina suna jifa, hawaye yana zubo min. Malam ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce in hannu ya kwanta ai kai bai kwanta ba. Ya ce in rufe ido, in tsaya a layin jifa a cikin zuciyata, in ji kaushin ƙwallon a tafina, in lanƙwasa gwiwa, in daidaita gwiwar hannu, in sake ta daga kan yatsu, in bi ta da ido har in ji ƙarar raga. Ya ce in yi ta maimaitawa ba gaggawa, jiki yana koyo daga abin da zuciya ta saba gani. Da farko abin dariya ne, ina rufe ido sai gwaten Mama ya bayyana a gabana yana tururi. 'Yan ajinmu kuma ba su bar ni ba, in sun gan ni ido rufe sai su durƙusa a gefena su ce amin, Fasto.

Amma da abin ya kama, ya kama ni da gaske. Na fara ganin fentin allon kwandon da ya ɓare a gefe, ina jin tsakuwa a ƙarƙashin takalmina, ƙwallon tana tashi tana juyawa a hankali ta faɗa tsakiyar zobe ko taɓa ƙarfe ba ta yi. Kai, daɗin da nake ji ba ya faɗuwa! A layin abinci ina jifa, a aji ina jifa, a majami'a ana wa'azi ni ina cin ƙwallo, Allah ya gafarta min. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a cikin kaina babu kara babu tsumma. Hannun da nake jifa da shi lafiyayye ne, bai taɓa yi min ciwo ba, har na fara ganin ɗorin nan ne kawai ya tsare min hanya.

Malam ya gaya min a fili kada in taɓa ƙwallo sai mai ɗori ya kwance, kuma zai yi wa mutanen Kaduna magana su duba ni baɗi. Ni kuwa kalmar baɗi ce ba na son ji. Ana saura 'yan kwanaki wasa ƙanwata ta kawo min garin acca daga gida, tana dariya ta ce kazata ta miƙe, har tana korar 'yan tsaki a tsakar gida, Baba ya ce in an yi hutu zai kai ni ruga. Hutu kuwa sai bayan wasa. Tana tafiya na zaga bayan ɗakin kwana na warware tsumman da haƙori. Na je na ce wa Malam mai ɗori ne ya kwance. Ya kama hannun ya matsa, wani zafi ya ratsa ni har ƙeya, na yi masa murmushi na ce ko alama.

Ranar wasa kamar duk garin ya taso. Yara sun hau mangwaro, 'yan makarantarmu suna kaɗa bokiti, 'yan mata suna guɗa. Malam bai sa ni ba sai bayan hutun rabin lokaci, lokacin 'yan Kafanchan suna gabanmu da maki. Ƙwallon farko da ta zo hannuna na tsaya, na lanƙwasa gwiwa, na saki, sai ga ta tana tafiya daidai yadda na saba ganinta, ta faɗa ragar nan fat! Ni kaina na tsorata. Na sake jefawa ta shiga, na koma gefe na jefa ta shiga. Fili ya kaure da ihu, ana kiran Dogo, Dogo, firinsifal da kansa ya miƙe yana kaɗa hula. Na hango ɗaya daga cikin mutanen Kaduna yana nuna ni yana tambayar na kusa da shi. Hannun yana zugi amma wa ya damu, ji nake in na yi tsalle zan taɓa gajimare. Muka kamo su, muka wuce su. Sai abokina ya wurgo min ƙwallon da ƙarfi, irin wurgin da nake caɓewa kullum, na tara hannu, na ji ƙas kamar an taka busasshen kara.

A asibiti likita ya ce ƙashin ya fara haɗuwa ke nan na sake raba shi, kuma wannan karon ya tsage. Mutumin Kaduna ya biyo mu har can, ya ce ni ya fara zaɓa, ya dafa kaina ya tafi. Baba ya fusata ya ce zai je makaranta ya sa a kori Malam, dole na buɗe baki a gabansu duka na ce ni na kwance. Malam bai yi min faɗa ba, ya dai tambaye ni a hankali me ya sa na yi masa murmushi ranar nan. Na gwammace ya mare ni.

Ba na zargin dabarar Malam, domin na gani da idona tana aiki, kuma da na zama malami na koya wa yara da yawa ita. Abin da na koya shi ne zuciya tana iya nuna maka jifa, amma ba ta san halin da ƙashi yake ciki ba. Ku matasa masu wasa, in kun ji ciwo ku faɗa, kada ku ɓoye wa mai horar da ku don gudun a ajiye ku, domin wasa ɗaya kuke gudun rasawa, ni kuwa duka na rasa. Iyaye da malamai, yaron da ya ƙwallafa rai a kan abu kada ku tambaye shi ko ya warke, ku je ku tambayi wanda ya yi masa magani. Hannuna ya haɗe a karkace. Har yau in na rufe ido ba na kuskure jifa, amma duk ranar Lahadi matata ce take saka min maɓallin riga.