Ranar da Gwaggo ta kira sunan mijinta

Ko na tsufa na rikice, tafiyar da muka yi zuwa tsofaffin ramukan zinariya a bayan Bungudu ba za ta fita daga raina ba. Lokacin daji bai lalace ba. Mu samarin unguwarmu a Gusau muka shirya yawon buɗe ido, sai Gwaggona ta ɗaura gyale ta ce da ita za a je. Mijinta mahaƙi ne, rami ya rufta da shi tun ina goye, ba a kuma samu an fito da shi ba. So take ta ga wurin kafin ƙafa ta gagare ta.

Na ce, “Gwaggo, wa zai goya ki in kin gaji?”

Ta ce, “Ni nig goye ka, sai ka rama.”

Ƙarshen damina ne. Ciyawa har ƙirji, raɓa ta jiƙa mana wanduna, gajimare na tafiya sannu a kan duwatsu. Da muka isa, ramukan sun cika da ruwa, bado ya yi fure a kai, sama tana kwance a ciki. Duk kamarsu ɗaya. Wani dattijo makiyayi da muka tambaya ya girgiza kai, ya ce, “Hajiya, ramun ga sun yi yawa. Allah kaɗai Yas sani.”

Raina ya ɓaci ƙwarai saboda ita. Ita kuwa sai ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana sallama, kamar mai shiga gidajen maƙwabta. Gwaggo irin matan zamanin da ce, ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko yaro mai sunansa laƙabi take sa masa. A bakin rami na ƙarshe ta durƙusa, ta waiwayo ta ce mu matsa. Ba mu yi nisa ba. Na ji ta kira sunansa, a hankali, ta ce, “Ni ce. Ɗiyanka duk sun girma.”

Ta yi addu'a, ta miƙe, ta ce mu tafi. A hanya har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, ni ne mai share ido.

Ba ta gane ramin ba har ta rasu. Daga ranar na koyi cewa mai kewa ba lallai sai ya ga kabari ba, wurin da zai faɗi abin da ya daɗe a bakinsa yake nema.