Safiyar Da Sanyi Ya Kulle Mu A Motar Kawu

Ranar wata Alhamis ce, a tsakiyar ɗari, cikin makon da aka yaye ƙanena Ilu. Na farka a kujerar gaba cikin motar Kawu Mamman, gari bai gama wayewa ba, na ga gilashi ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gishiri. Na tura ƙofa in fita, ta ƙi. Na sa kafaɗa, na sa ƙafa, ko motsi ba ta yi ba. Sai na juya wajen Ilu. Yaron da ke ta da gari da kuka tun ranar da aka cire shi daga nono, ga shi kwance shiru, leɓensa ya yi toka, hannunsa kamar na taɓa bakin tulu.

Bari in faɗa muku yadda aka yi muka kwana a mota. Ƙauyenmu yana tsakanin Tanut da Ollelewa, mu manoman hatsi da gyaɗa ne. Kawu Mamman, ƙanen Inna, shi ke tuƙa wa wani ɗan kasuwar Damagaram babbar mota, yana bin ƙauyuka ɗaukar gyaɗa bayan kaka. A wajenmu in an yaye yaro, gidan kakarsa ake kai shi, uwa ba ta zuwa inda yake sai ya mance. Ni ce babba, ni aka haɗa da shi. Da rana ina goye da shi in tsince gyaɗa, in kai wa awaki harawa, in bar ƙawayena suna gaɗa ba ni. Ba abin da ke rarrashinsa sai motar nan. Da an ɗora shi kan kujera ya kama sitiyari, sai kuka ya tsaya. Ran Laraba da yamma barci ya ɗauke shi a can, Kawu ya ce a bar mu, ai ciki ya fi ɗakin kara ɗumi. Aka ba mu bargo.

Kaka dai hankalinta bai kwanta ba, jikokinta a waje bakin garka, ƙofar gida. Ta aika wajen liman aka yi tofi a ruwa, ta zo bayan magariba ta kwarara shi a kan ƙofofin biyu, sama har ƙasa, don kada wani abu ya shigo mana. Ruwan ya bi robar bakin ƙofa ya kwanta. Wanda ya ce ruwa ba ya daskarewa a ƙasarmu ta Damargu, ya zo ya same ni. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma shekarar nan da idona na ga ruwan kaskon kaji ya zama dutse.

Na buga gilashi har tafina ya mutu. Kawu ne ya fara zuwa, da butarsa. Ya ja hannun ƙofa, ya sake ja, ya zaga ɗaya ɓangaren. Ya yi mini alama in murɗa abin sauke gilashi, shi ma ya ƙage. Kafin a jima mutane sun zagaye motar, ni kuwa inuwarsu kawai nake gani ta cikin farin nan, kamar ina ƙasan rijiya. Ina jin wani yana cewa iska ce ta riƙe ƙofa. Kaka tana ta salati. Wani ya kinkimo dutse, Kawu ya ce gilashin kan yaran zai zubo. Wani kuma ya taho da karan wuta, sai na ji Kawu da muryar da ban san shi da ita ba: "Kai Malam Sale, tankin mai ne a ƙarƙashinsu, so kake ka gasa su?" Tun da na ji haka na daina kuka, don tsoron ya wuce na kuka.

Ba wanda ya gaya mini, na tuɓe wa Ilu riga, na cusa shi cikin zanena, cikinsa a kan cikina, na ja bargo. Ina hura masa numfashi a wuya, ina kiran sunansa. Ƙirjinsa yana motsi, amma kaɗan, sai na daɗe kafin in ji na gaba. Na riƙa tunanin me zan ce wa Inna. Ita ta ɗaura mini shi da hannunta.

Sai ga Inna, wadda aka hana ko leƙowa. Ta taho da tukunyar ruwan koko da ta ɗora bai kai ga tafasa ba. Kaka ta ce mata, "Ke, yaron zai gan ki." Inna ta ce, "To ya gan ni, Iya." Kawu ya tsoma yatsa, ya ce ya yi, in ya fi haka zafi gilashi zai tsage. Ta riƙa zubawa da ludayi a hankali, tana bin bakin ƙofa, shi kuma yana danna ƙofar ciki da kafaɗa maimakon ja. Na ji wani ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Ƙofa ta buɗe, haske da hayaƙin ruwa suka shigo tare.

Inna ta fizge shi daga jikina, ta zauna nan ƙasa a gaban maza, ta sa masa nono. Ya jima bai kama ba. Da ya kama, ba wanda ya ce uffan game da yaye, har Kaka. Sai da bazara ta shigo aka sake cire shi.

Daga ranar, in ɗari ya yi, Kawu ba ya barin ruwa ya kwana a jikin mota. Yakan goge robar ƙofa da tsumma ta bushe, ya shafa mata man gyaɗa. Kaka ma ba ta bar neman tsari ba, sai dai ta koma tofa addu'arta da baki.

Yanzu jikokina suna danna wani ɗan abu daga nesa, mota ta yi ƙara ta buɗe kanta, kuma sanyin bana bai kai rabin na da ba. Ilu ya yi furfura a Balbeji, in na ba shi labarin sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kin ƙara gishiri." Waɗanda za su tsaya mini shaida duk suna ƙarƙashin ƙasa. Shi ya mance, ni na riƙe mana mu biyu.