Darasin da Na Cire wa Iliyasu

Akwai ranar da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da Iliyasu ya dawo mini da takardar sakamakonsa.

Lokacin ina mataimakin shugaban wata sakandare a Batsari, ɓangaren karatu. Ga wanda bai san aikin ba, ɗalibi in ya shiga aji huɗu yakan zaɓi darussan da zai rubuta a jarrabawar fita. Turanci dole ne ga kowa. Akwai kuma Adabin Turanci, shi zaɓi ne: labarai, wasan kwaikwayo da waƙoƙi, littattafai ne da aka tsara a bi su shekara uku. A takarda ɗalibi ke zaɓa. A zahiri mu ke zaɓa masa, gwargwadon malaman da suka rage mana.

Malamin Adabi ɗaya gare mu. Da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanya ya sha da ƙyar, sai ya nemi canjin wurin aiki, ba a kuma aiko wani ba. Shugaba ya kira ni ya ce, "Malam Lawal, a cire darasin nan. Ba za mu sa yara su faɗi, ma'aikatar ilimi ta zo tana tsare mu da tambayoyi ba." Na ce to, ranka ya daɗe. Na maye wa ajin gaba ɗaya gurbinsa da Aikin Gona.

Iliyasu, ɗalibi a ajin nan, ɗan wata ruga ne ta wajen Babban Duhu a Safana. Iyayensa sun gudo garinmu bayan an kore musu mafi yawan shanu. Ya same ni a ofis, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Malam, don Allah a bar mini Adabi. Zan karanta da kaina. Lauya nake son zama."

"Wa zai koya maka? Riƙe Turancinka da kyau, ya ishe ka."

"Malam, ka tabbata?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ni kake tambaya ko na tabbata? Tashi ka ba ni wuri."

Gaskiya ban tabbata ba. Ni malamin lissafi ne, kuma littafin sharuɗɗan shiga jami'a yana ofishin shugaba, taku kaɗan daga nawa. Girman kai ya hana ni zuwa in duba saboda tambayar ɗalibi.

Bayan shekara uku ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu. Da damina sai ga shi, ya rame, ya ajiye takardar a kan teburina.

"Malam, a jami'a sun ce ba a karanta lauya sai da Adabin Turanci."

Na ce ya zauna, ni zan nemo masa littattafan, ya rubuta darasin shi kaɗai baɗi.

Ya girgiza kai. "Baba ya ba ni shekara ukun nan ne da sharaɗin in na samu in wuce, in ban samu ba in dawo wurin dabbobi. Jibi za mu tashi da sauran shanun, za mu yi kudu." Bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce Allah Ya saka da alheri, ya ɗauki takardarsa ya fita. Ban sake ganinsa ba.

Babu wanda ya tuhume ni, don ban karya wata doka ba. Shekarar ma aka yaba mana a kan sakamako, aka ƙara mini girma. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma yana min ciwo: malami ne ke yin kuskure, ɗalibi ke tafiya da shi. Ku malaman da kuka shigo aikin yanzu, in yaro ya tambaye ku ko kun tabbata, ku tashi ku duba. Ni na ƙi tashi, ga shi ni ina nan zaune a ofis, shi yana daji.