Kar a Maido Kwano

A shekarun da kuɗin mai suka fara yawo, manyan motoci suka yi wa hanyar Jibiya zuwa Maraɗi yawa, aka ce za a faɗaɗa titi. Gidan kakata Inna na cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti, alamar za a rushe su. Babana ya gyara mata ɗaki guda a gidanmu, ɗakin da tabarma biyu ke cika shi. Ita kuwa Inna jerenta ya kusa taɓa rufi: kwanukan samira, langa, fanteka, da ƙoren da uwarta ta zo da su daga hayin iyaka. Kowa ya san ba za su shiga ba, amma an rasa mai bakin faɗa mata.

A tsakar gidanta muke taruwa bayan isha, mu kewaye murhu tana gasa mana gujiya. Wani dare, ana gab da tashinta daga gidan, ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan ta iso ƙofa." Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wai wata mata ce mai kwanuka da yawa, ba ta yarda a ci a ko ɗaya, kullum sai dai ta goge ta mayar. Rannan ta dawo daga rijiya ta ji suna gunaguni. Babbar tasa na tambayar ƙarama, "Ke wa ya taɓa ci a cikinki?" Ta ce ba kowa. Sai suka gangaro ɗaya bayan ɗaya suka fice, kowanne ya nemi gidan da ake cin tuwo a murfin tukunya. Matar ta bi su tana kuka, amma duk gidan da ta shiga sai a ce ta zauna ta ci.

Na ce, "To Inna, ta kwaso abinta?"

Ta harare ni. "Ke dai uwar rowa, mi za ta kwaso? Ai ta ƙoshi." Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Sai ta tura itace cikin wuta.

Washegari ta ɗora babbar tukunya. A wurinmu, in an aiko maka abinci, sai ka wanke kwano ka mayar. Inna ta riƙa zuba abinci a kwanukan jerenta tana aiken mu gida-gida, ranar kasuwa kuma ta ba matan ƙauyukan Gangara da Farfaru nasu, duk da saƙo ɗaya: "Ku ce in ji ni, kar a maido kwano." Na ji haushi matuƙa, don na daɗe da sa ido kan wata langa mai jan fure, kuma ni aka ɗora wa ita na kai gidan wata makauniya. Da kuka na je. Inna ta tare a gidanmu da ƙwaryar uwarta guda, da buta, da kwanon cinta.

Abin ya yi mata ciwo, na sha ganin ta tana kallon bangon da babu komai. Na daɗe ina ɗauka asara ta yi. Sai da na girma na gane ba rabuwa ta yi da kayanta ba, wurin zama ta nema musu.

Da ta rasu, mata suka riƙa shigowa da abincin makoki, ni ke karɓa. Na ga samirar nan, na ga fantekar, na ga langar mai jan fure, duk sun ƙoƙe saboda ci. Na juye, na wanke, na miƙa wa kowacce nata. Makauniyar ta turo mini langar ta ce, "Riƙe ta, ɗiyata, ta kakarki ce."

Na mayar mata a hannu. Na ce, "Inna ta ce kar a maido."