Na Zaunar da Ita a Zaure da Sunan Tausayi

A 'yan shekarun baya ni mace ce da ake kira mai hannu sake a unguwarmu a Kazaure, kuma in faɗi gaskiya, ina son a faɗa in ji. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita nake riƙe da gida tun rasuwar maigidana. Ina saro gyaɗa daga kasuwannin Roni da Gwiwa, mata shida suna yi mini aiki a tsakar gida, wata suya, wata matsa, wata ɗura mai a jarka. Ba na hana mai roƙo, ba na rufe tukunya don baƙo ya shigo, amma abu ɗaya ne ba na iya haɗiyewa, a ce mini ba ni da imani. Wannan hali ne ya kai ni ya baro ni, shi ya sa na rubuto muku ko wata ta ji ta kiyaye.

Wata rana wata malama ta yi sallama, ta ce daga wata ƙungiya take da ke nema wa masu lalura mai nauyi aikin yi a wurin masu sana'a. Ta ce ba taimako suka zo roƙo ba, ma'aikaciya za su kawo mini in biya ta kamar sauran, ita kuma za ta zauna da ita har hannunta ya faɗa, sannan ta riƙa janye jiki a hankali. Wadda aka kawo 'yar wani dattijon Bafulatani ce daga wata ruga ta hanyar Roni, shekarunta sun kai talatin. Ƙafafunta ba sa ɗaukar ta, hannun dama a lanƙwashe yake, harshenta da nauyi, abu kuma sai an maimaita mata sau da yawa kafin ya zauna. Ranar farko mahaifin da kansa ya rako ta. Ya shaida mini cewa ba sau ɗaya ba mutane sun zo masa da shawarar a kai ta birni bara a riƙa raba abin da aka samu, duk ya kore su. Ya ce girma ya kama shi, burinsa kafin ya kwanta dama ya ga tana da abin yi a hannunta, don kada bayan ransa a ajiye ta a bakin titi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ta zama 'yata.

Aikin da aka ba ta tsintar gyaɗa ne, ware mai kyau da ruɓaɓɓiya kafin a soya. Malamar ta ɗaure faifai a kan wani katako don kada ya riƙa zamewa, ta ajiye farar roba a hagu ta mai kyau, baƙa a gaba ta marar kyau, kullum a wuri ɗaya. Ta roƙe ni kada kowa ya karɓe mata aikin ko da ta yi nawa, kada a sauya wa kayan wuri, in ta yi kuskure kuma a gyara mata kamar yadda ake gyara wa kowa. Makonnin farko ni dai dariya nake a ciki, don kafin ta gama kwano ɗaya wata ta gama biyar. Amma kowace safiya tana biyo adaidaita sahun da ke kawo masu tallan nono, a sauke mata kekenta na guragu, ta shigo tana haki tana murmushi. Kafin wata biyu hannun hagun nan ya saba, har ta fara tsokanar mai suya tana ce mata ta ƙona gyaɗa. Da malamar ta ga haka sai ta rage zuwa, ya zama ranar Talata kawai take leƙowa.

Ana cikin haka wata ƙawata da muke zuwa biki tare ta zo sayen mai. Ta tarar da baiwar Allahn nan ta duƙufa a kan faifai, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta riƙe baki ta dube ni, a gaban ma'aikatana ta ce, "Haba Hajiya, ke da ake yabo? Wannan ai ta sadaka ce, ba ta wahala ba. Ki ji tsoron Allah." Maganar nan ta soke ni, na wuni tana cin raina. Na riƙa hango yadda za a yi da ni a gidajen suna, a ce ina tatsar gumin nakasasshiya. Ban tuna roƙon malamar ba, ban tuna maganar dattijo ba, sunana kawai nake gani.

Washegari na sa aka kwance faifan aka ɗora a kan rumbu. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a zaure inda iska ke kaɗawa, na dama mata fura, na ce daga yau hutawa za ta yi kuma ba za a rage mata komai daga haƙƙinta ba. Ta dube ni ta ce aiki, na ce ta huta. Sau biyu tana jan jiki zuwa tsakar gida tana neman robobinta, sau biyu ina sa a mayar da ita. To zaure hanyar masu sayen mai ne, duk wanda ya shigo ya ga gurguwa a kan tabarma ya san abin da ake yi. Aka fara ajiye mata 'yan canji a kan cinya. Takan ture su da hannun hagu, ma'aikatana su tsince su ƙulle mata a bakin zani. Ni kuwa har daɗi nake ji, ina cewa Allah ya buɗa mata ta dalilina.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, na san ba daidai nake yi ba, domin duk ranar Talata da sassafe nakan sa a sauko da faifan a ɗaura kafin malamar ta iso. Wanda ya yarda da abin da yake yi ai ba ya ɓoyewa. Malamar ta lura hannun ɗalibar tata ya koma baya, tana saka mai kyau a baƙar roba, murmushin ma babu. Ta yi ta tambayar ta, ita kuma sai ta kalle ni ta sunkuyar da kai. Malamar ta ɗora wa kanta laifi, ta ce ta yi gaggawar janyewa, har tana ba ni haƙuri. Na karɓi haƙurin ban ji kunya ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis dattijon ya shigo gari sayen maganin dabbobi, ya ce bari ya biyo ya ga 'yarsa a bakin aiki. Ina fitowa raka wata na same shi tsaye a ƙofar zaure, daidai lokacin da wani mai sayen mai ya sunkuya ya ajiye mata kuɗi a cinya yana neman ta sa masa albarka, ita kuwa hawaye na bin fuskarta. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kuɗin ya mayar wa mutumin, ya kwance bakin zaninta ya zube na ciki a kan tabarma, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, shekara talatin ina hana ta wannan zama. Aiki na kawo ta."

Na fara cewa Baffa ku tsaya ku ji, tausayi ne, amma ya riga ya ɗora ta a keke ya tura. Da Talata ta zagayo na faɗa wa malamar komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Daga baya ta ce mini kawai ta je rugar, dattijon ya ce ba zai ƙara ba kowa amanar 'yarsa ba, ko ni ko wani.

Sai da na yi wata guda kafin na iya tattara fuskata na je. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini nono. Na ba shi haƙuri na roƙi ya bari ta dawo. Ya ce ba shi na yi wa ba, in shiga in tambaye ta, tunda ban taɓa tambayar ta ba. Na same ta a ɗaki ta rame, an ce tun da ta dawo ba ta son fitowa tsakar gida. Na zauna kusa da ita ina jero ban haƙuri. Ta bari na gama, sannan ta yi ta fama da harshenta har maganar ta fito.

"Inna, tsintata ce ba ta yi kyau ba?"

Ashe duk kwanakin nan abin da ke ranta ke nan, ta ɗauka korar ta na yi daga aiki don ta kasa. Alhali wallahi tun da nake sana'ar nan ban taɓa samun mai tsinta kamarta ba, lokacin da hannunta ya faɗa ko ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya ba ta wuce ta, har masu saye suna cewa maina ya daina ɗaci. Na sani, kuma ban taɓa buɗe baki na faɗa mata ba. Na faɗa mata a ranar ina kuka, ta saurara, ta gyaɗa kai, amma ta ce ba za ta koma ba, tana tsoron zauren. Har yau ba ta koma aiki ko'ina ba, dattijon kuma ƙarfinsa sai raguwa yake.

Na yi istigfari, na kuma san haƙƙinta yana kaina. Abin da na gane a makare shi ne, ba ita na tausaya wa ba, kaina na tausaya wa daga bakin mutane. Don haka 'yan'uwana masu sana'a, idan aka kawo muku mai lalura aiki, ku riƙe shi a matsayin ma'aikaci, ku bi tsarin wanda ya koya masa, in ya yi daidai ku faɗa masa da bakinku. Kafin ku yanke masa hutu ku tambaye shi ko ya gaji. Ni ban tambaya ba, na karɓe wa baiwar Allah abu ɗaya tak da ta taɓa samu da guminta, kuma har yau na kasa mayar mata.