Ranar da Na Ce wa Likita Babu Sauƙi

Shekarun baya, ina koyarwa a wata lakwal kusa da Malbaza, ciwon ɓarin kai ya so ya raba ni da aikina. In zai taso, sai in ga walƙiya a idon hagu, ƙarar motocin siminti kuma kamar ana daka gero a kaina. Ni kuwa gwanar ɓoyo, sai in ɗaure kallabi tamau in ce rana ce ta buge ni.

A zuci ina kiran kaina raguwa. Wata rana kuma in yanke cewa ƙari ne a ƙwaƙwalwa, mutuwa zan yi, gwajin me za a yi mini? Haushin duk a kan ɗalibai nake sauke shi. Yarinya ta yar da alli, in yi mata faɗa kamar ta ƙona ajin.

Direktan lakwal ɗin ya kira ni buro, wato ofishinsa. "Malama, kullum ki ce lahiya lau, kullum ki bar aji. In ciwo gare ki, kawo takardar likita. In babu, in rubuta a kawo wata malama."

Abin dariyar, sau biyu na riga na je asibiti a Ƙonni. Likita ya ce, "Yaya jiki?" Bakina ya ce, "Da sauƙi," yadda aka koya mana tun muna yara. Ya rubuta mini parasitamol, ya kira na gaba.

Zuwa na uku mahaifiyata ta raka ni. Da likitan ya tambaya, na dube shi na ce, "Babu sauƙi. Shekara huɗu babu sauƙi."

Inna ta mintsine ni. "Ke! Wanga ai butulci na!"

"Inna, Allah ya san halin da nike ciki. Likita kau bai sani ba."

Likitan ya ajiye biro ya gyara zama. Ya tambayi amai, ya tambayi haske da ƙara, ya faɗa mini sunan ciwon, ya ba ni magani da takarda. Washegari na ɗora ta a teburin direkta, ban sunkuyar da kai ba.

Har yau ciwon yana zuwa, kuma har yau ina aji. In ya zo nakan faɗa, in kwanta, ba na jin kunya. Akwai masu cewa ba ni da haƙuri. Su yi ta faɗa. Da na bi tasu, da yanzu ina zaune gida babu aiki, kowa na yaba haƙurina.